Wutar birkin Hiace ta ƙi mutuwa: kontakta za a canza, ko akwai abin dubawa kafin nan?

Rabe Direba: Assalamu alaikum masu gida. Hiace ce ta fasinja, tsohon yayi mai injin gazuwal samfurin 5L, layin Maradi zuwa Dakoro. Wutar birki ta baya ta ƙi mutuwa, ko an zare makulli tana nan jajir, da safe batir ya yi sanyi sai an tura. An ce kontaktar birki ce. Don Allah yaya ake canza ta, kuma wace iri ya kamata a saya?

Malam Lawali mai lantarki: Wa alaikumus salam Rabe. Kada ka sayi komai tukuna. Ɗauki tocila ka duba tabarmar ƙasa wajen ƙafar direba. In ka ga ɓarɓashin roba, to da wuya kontaktar ce.

Ga yadda abin yake. Kontakta tana ɗaure a jikin ƙarfen da ke riƙe fedar birki, can sama ƙarƙashin sitiyari. Tana da ɗan harshe mai shiga da fita. In ba a taka birki ba, feda tana sama, tana danne harshen nan ciki, wuta a yanke. Da ka taka, feda ta matsa, harshen ya fito, wuta ta wuce zuwa baya. To ba ƙarfen feda ne ke taɓa harshen kai tsaye ba. Akwai ƴar roba kamar maɓallin riga da aka cusa a wani rami a jikin fedar, ita ce ke danne shi. Zafi da shekaru suna busar da ita ta farfashe ta zube. Sai harshen ya faɗa cikin ramin, babu mai danne shi, wuta ta yi ta ci dare da rana.

Gwajin ba ya cin minti biyu. Sa wani ya tsaya a baya, kai ka taka feda da hannu ɗaya, ka danna harshen kontakta ciki da yatsa. In wuta ta mutu, kontakta lafiya lau take, ko dai robar ce ko saiti ya goce. In ka danna har ƙarshe wuta ba ta mutu ba, to ta narke a ciki ta manne, ko kuma wata waya mai wuta tana taɓa wayar birki a hanya. Don raba waɗannan biyun, zare soket ɗin kontakta. Ta mutu, kontakta ce. Ba ta mutu ba, ka bi waya.

Rabe Direba: Allah ya ƙara girma, Malam. Amma me ya sa take ci alhali makulli na aljihu?

Malam Lawali mai lantarki: Don layin birki ba ya bi ta makulli. Daga batir yake zuwa fiyus ɗin da aka rubuta wa STOP a murfin akwatin fiyus, daga nan kontakta, daga nan ƙwayayen baya. Lissafa da kanka. Kowane ƙwai yana cin wat 21 a zaren birki, wato siririyar wayar da ke haske a cikinsa, biyu 42 ke nan. Raba da bolt 12, amfiya 3.5. Awa 10 na dare ya janye 35, rabin batir mai amfiya 70. Injin gazuwal kuwa ba ya tashi da rabin batir, balle in ya kwana biyu. Bayan haka ƙwai mai wat 21 ba a yi shi don ya kwana a kunne ba, yana narkar da mazauninsa da jan murfin. Kafin a gyara, da dare ka zare wayar mas ta batir, wato wadda aka ɗaure a bodin mota, da sifana lamba 10. Ban so ka zare fiyus, don ana mantawa a hau titi babu wutar birki gaba ɗaya.

Sanusi Sabon Gari: In robar ce ai babu wahala. A samu kwabon dala biyar a manna shi da gam a bakin ramin, an gama. Motoci nawa ne a tasha ke yawo a haka?

Isuhu Makanike: Sanusi, wanga ba gyara ba ne, dabarar kai mota gida ce. Gam ba ya jure zafin cikin mota a watan Afrilu da Mayu, ga girgizar hanya, rana ɗaya zai saki a koma gidan jiya. Kuma kaurin kwabo ba ɗaya ba ne da na robar, saiti ya canza ke nan. In babu robar a kusa, gara a sa ƙaramar ƙusa mai faɗin kai a ramin, a ɗaure da noti ta baya, sannan a sake saitin kontakta daga farko. Ko ita ma ƙusar tana cin kan harshen a hankali, ƙarfe da roba ne. Robar asali ita ce magana. Wajen sa ta, a tada inji don feda ta yi laushi, a taka ta sosai, a ɗan shafa ruwan sabulu a wutsiyar robar, a matse ta cikin ramin da filaya.

Sanusi Sabon Gari: Na yarda gam yana saki, amma batun kauri kun cika tsanani, Yaya Isuhu. Milimita ɗaya ko biyu me zai yi?

Isuhu Makanike: Duk aikin ai milimita ɗaya ko biyu ne. Bari in faɗi yadda ake canza ta tsohon yayi, za ka ga inda abin yake.

Da farko a cire mas ɗin batir, don waya ɗaya a soket ɗin kullum da wuta. A zare soket kafin a juya komai. Masu gaggawa suna juya kontakta da wayarta a jiki, wayar ta murɗe ta karye cikin roba inda ido ba ya gani. Sai a sassauta notin da ke kulle ta, yawanci sifana lamba 14, a warware ta da hannu ta fito. A aza tsohuwa da sabuwa gefe da gefe, a duba tsawon zare, tsawon harshe, da bakin soket.

Wajen ɗaurawa, a bar feda a sama yadda take hutawa. A juya sabuwar har bakin zarenta ya ɗan taɓa robar, taɓi kawai, sai a dawo da ita baya zagaye ɗaya. Zagaye ɗaya yana ba da milimita ɗaya da ɗan wani abu. Tazarar da Toyota ke so tsakanin bakin zare da robar ita ce 0.5 zuwa 2.4. A riƙe kontakta da hannu kada ta juya, a ɗaure noti, a maida soket da batir.

Yanzu ga haɗarin. In anka cusa ta da yawa, jikin kontaktar ne zai tokare feda, ya hana ta dawowa sama har ƙarshe. Feda ba ta dawo ba, sandar da ke tura masta, wato famfon man birki, ba ta sake ba, ƴar ƙofar da man birki ke komawa cikin kwalba ta toshe. Mota za ta tashi lafiya, bayan ƴan kilomita mai ya yi zafi ya kumbura, babu wurin komawa, birki ya fara kamawa da kansa. Sai ka ji mota ta yi nauyi, ƙafafun gaba suna wari, hannu ba ya taɓa rim. In anka ci gaba man ya tafasa, feda ta tafi ƙasa babu birki. Mutum ya je canza abin wuta ya dawo da ciwon birki, ya yi ta canza filaket, wato takalman birki, da masta a banza. Wannan mota ce mai cike da rayukan mutane, shi ya sa nake tsananin.

Malam Lawali mai lantarki: Gaskiya ne. In kuma aka bar ta nesa da yawa, harshe ba ya dannuwa sosai, wuta ta riƙa ƙyaftawa a gargada, ko ta zauna a kunne yadda ta Rabe take.

Isuhu Makanike: Shi ya sa bayan ɗauri akwai awo biyu. A kashe inji, a taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri, iskar da ke cikin bosta, wato tulun da ke sa feda laushi, ta ƙare. Sai a danna feda da yatsa a hankali, dole a ji ɗan wasa kafin tauri, milimita 1 zuwa 6. Babu wasa, a sassauta kontakta. Na biyu, wuta ta kama da an taka feda kamar milimita 5 zuwa 15, tun birki bai fara ci ba, don na baya ya samu sanarwa da wuri. A kuma duba sifirin da ke jawo feda sama. In ya saki ko ya yi laushi, ko sabuwar kontakta ba za ta kashe wuta ba. Alamarsa, ka ɗaga feda da bayan ƙafa wuta ta mutu.

Habu Ƙarami: Iyayena, a yi min izini in ƙara, don wani mai sabon yayi zai karanta ya ɗauki sifana. Hiace da aka fara yi daga 2004, masu injin 2KD ko 2TR, yawancinsu babu noti. Kontakta tana zaune cikin wani zoben roba. Cirewa, a zare soket, a juya ta hagu kwatan zagaye, a jawo. Sawa, a riƙe feda a sama da hannu, a tura kontakta har jikinta ya taɓa robar feda, a juya dama kwatan zagaye. Wannan juyin da kansa yake ja da ita baya ya ba da tazara, harshe ya rage a waje kamar milimita 2. Da hannu kawai, filaya tana fasa zoben. In haƙoran zoben sun cinye, kontakta za ta riƙa zamewa baya, sai a canza shi tare da ita.

Kuma ƙafa huɗu gare ta, wato ƙarafunan da ke shiga soket, ba biyu ba. Ƙafa 1 da 2 su ne na wuta, suna haɗuwa in harshe ya fito. Ƙafa 3 da 4 akasin haka suke, suna haɗe in harshe yana ciki, kuma kwamfutar inji suke kai wa labari. Kwamfuta tana kwatanta biyun. In suka saɓa, sai na'urar gwaji ta nuna lambar matsala P0504. Mai otomatik kuma giya za ta ƙi fita daga P, don makullin giya yana jiran saƙon birki. Na'urar ABS, mai hana tayoyi kullewa in an taka birki, ita ma tana karɓar wannan saƙon.

Sanusi Sabon Gari: To mai ƙafa biyu ba ta shiga a madadin mai huɗu? Ai wuta dai ake nema.

Habu Ƙarami: A'a Yaya. Ko an yanka soket an haɗa, wuta za ta kama amma kwamfuta ta rasa saƙo ɗaya. Ba a yi.

Hajiya Mariyama: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ta juya. In wutar ba ta kamawa sam, shi ma kontakta ce? Masu mota muna biyan kuɗin kaya ba mu san ko shi ne ya lalace ba.

Malam Lawali mai lantarki: Hajiya, barka da yamma. A nan kontakta ita ce ta uku a layi. In gefe ɗaya ne ya mutu, a bar kontakta, ba ruwanta, don ita ke ba duka biyun. Ƙwai ne ko mazauninsa ko mas. In duka sun mutu, a fara da fiyus, amfiya 10 ne ko 15 gwargwadon motar, abin da aka rubuta a murfi shi za a maida. Sai ƙwayaye, don sau da yawa ɗaya ya daɗe da mutuwa ba a lura ba, ranar da na biyu ya bi shi a ce kontakta. Motar da ke da wuta ta uku a saman ƙofar baya tana sauƙaƙa aiki, in ita tana kamawa na ƙasa ba sa yi, kontakta da fiyus sun fita daga zargi.

Sannan a zo soket da ƙwan gwaji. Waya ɗaya dole ta ba da wuta ko babu makulli. Babu, matsalar tana tsakanin fiyus da soket. Akwai, a mai ƙafa biyu a haɗa ramukan biyu da guntun waya. Baya ta kama, kontakta ta mutu, a saya da kwanciyar rai. Ba ta kama ba, waya ta yanke a hanyar baya. Ki ce a yi wannan gwajin a gaban direbanki kafin a karɓi kuɗin kaya.

Habu Ƙarami: Baba Lawali, wannan haɗin da waya a mai ƙafa huɗu kada a yi shi da ka. In aka kuskure rami, an tura wuta inda ba a so. Mita ta fi. A cire kontakta a auna ta a hannu, 1 da 2 su yi ƙara in harshe na waje, su yi shiru in an danna, 3 da 4 su yi akasi.

Malam Lawali mai lantarki: Haka ne ɗana, shi ya sa na ce mai ƙafa biyu. Amma ita ma mita tana ruɗi. Kontaktar da bakinta ya ƙone a ciki za ta yi ƙara a mita, don mita ba ta jan komai, amma a aza mata amfiya 3 ko 4 ta kasa. Awo na gaskiya shi ne tana jikin mota, an taka birki, a auna bolt a wayar shiga da wayar fita. Bambanci ya zama kaɗan ƙwarai, ƙasa da rabin bolt. In shiga 12 ne fita 9, ta ƙone, ko da wuta na kamawa dishi-dishi.

Alhaji Mamman mai kayan mota: Tunda an zo batun saye. Ku taho da tsohuwar a hannu, ko hotonta da na soket, da lambar shasi. Cewa "ta Hiace" bai isa ba, motocin da suka shigo ta Kwatano kowace da ƙasar da aka yi wa ita. Kaya iri uku ne a kasuwa: sabuwa ta asali, ta asali da aka ciro daga wata mota, da sabuwa mai araha. Ni a ganina ta biyu ta fi ta uku in an gwada ta. Ka danna harshe, ya dawo da ƙarfi ba tare da maƙalewa ba, ƙafafun ba su yi baƙi ba, robar soket ba ta narke ba. Mai arahar tagullar cikinta siririya ce, ba ta daɗewa a motar haya da ake taka birki kowane ƙauye. Kuma a sayi ƴar robar feda tare, ko biyu ma, ta kuloci ma irin wannan mutuwar take yi.

Isuhu Makanike: Ranka ya daɗe, a kan ta hannu ban bi ka duka ba. Abin da ya yi shekara ashirin yana aiki, sifirin cikinsa ya gaji ko ya yi kyau a ido. In akwai sabuwa ta asali, ko daga Ƙofar Ruwa a Kano za a aiko ta, ita zan ce a sa wa motar fasinja.

Alhaji Mamman mai kayan mota: In akwai, babu gardama. Sai dai kwali mai sunan Toyota ba shi ne shaida ba, ana buga kwalin ma. A duba nauyi da tsabtar zubin robar.

Sanusi Sabon Gari: A buɗe tsohuwar a goge bakin da sanfefa fa? Ana yi tana tashi.

Malam Lawali mai lantarki: Tana tashi ta yi kwanaki. Bakin yana da wani shafi a sama, sanfefa ta cinye shi, tagulla tsirara kuma da sauri take ƙonewa. Kuma kada a fesa mata mai ko a cusa giris, ƙurar hunturu za ta haɗu da shi ta zama laka harshe ya maƙale.

Abin da ya fi damuna ba a taɓo ba. Me ya kashe ta farko? A motocin tasha, sau da yawa ƙarin fitilu ne. An jona ƙwai huɗu ko shida na ado a layin birki, wani har da ƙaho mai kuka. Kontaktar da aka yi wa ƙwai biyu ko uku an aza mata ninki. Fiyus ya ƙone, a sa mai 30, ko a naɗa waya a wurinsa. Daga nan abin da zai ƙone ba fiyus ba ne, kontakta ce ko wayar da ke bin ƙarƙashin tabarma zuwa baya, kusa da ƙafafun fasinja da kayansu. Mai son ƙarin fitila ya sa rile, wato ƴar na'urar da ƙaramar wuta ke kunnawa ta buɗe wa babbar wuta hanya, kontakta ta kunna rile kawai, fitilun su ja wutarsu daga batir ta nasu fiyus. In fiyus na daidai yana ƙonewa da an taka birki, waya ta goge tana taɓa bodi. A duba inda ta bi ta ƙarƙashin kujerun da aka ƙara, masu walda da masu huda bodi suna cin waya a nan, da kuma cikin robar da ke maƙogwaron ƙofar baya inda waya ke lanƙwasa kullum.

Rabe Direba: Malam, an duba. Robar ce, ramin fayau, ɓarɓashi a tabarma. Da aka danna harshe wuta ta mutu. Sai dai wani abu, in an kunna ƙananan fitilu aka taka birki, gefen dama sai ya dushe maimakon ya ƙara haske.

Malam Lawali mai lantarki: Alhamdu lillahi, kuɗin kontakta ya huta. Na daman nan mas ne. Ƙwan baya zare biyu gare shi, 21 na birki da 5 na ƙaramar wuta, mas ɗinsu ɗaya. In mas ya yi tsatsa, wutar birki ba ta samun hanyar bodi, sai ta bi ta zaren 5 ta koma layin ƙananan fitilu. Da rana za ka ga kamar tana ɗan yi, da an kunna ƙananan fitilu hanyar ta rufe ta dushe. Kwance fitilar, bi wayar mas har inda aka ɗaure ta a bodi, goge wurin har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tam. Duba cikin mazaunin ƙwai ma, ruwan damina yana shiga ta fasasshen murfi ya yi kore.

Tunda wutar ta kwana a kunne, ciro ƙwayayen biyu ka duba, in gilashi ya yi baƙi canza. Ƙwai mai zare biyu na tsohon yayi yana da ɗigo biyu a gindi, kuma ƙusoshin gefensa ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga gindi, hanya ɗaya yake shiga. In aka tilasta shi a juye, ƙaramar wuta ta yi haske birki ya dushe. In aka cusa mai ɗigo ɗaya, ya haɗe layukan biyu, ka taka birki fitilun gaban direba su kama. A karanta jikin ƙwai kuma, 12 ne ba 24 ba, na manyan motoci yana shiga daidai amma haskensa ba ya kai ko'ina.

Isuhu Makanike: Kuma Rabe, in anka sa sabuwar roba kada a ce an gama. Wataƙila wani ya taɓa matso da kontakta lokacin da tsohuwar ke cinyewa, sabuwa mai kauri za ta tokare. A sassauta noti a sake saiti, a auna wasan feda. Sannan a yi tafiyar kilomita 5 ko 6 babu fasinja, a tsaya, a sa giya a furi a wuri mai daidai a tura motar da hannu. Ta gangara cikin sauƙi, rim ba zafi, to a yi lodi.

Habu Ƙarami: Batir ɗin ma a kai shi caji cikakke, Yaya Rabe. Wanda aka sauke har ƙasa ba ya cika da tafiyar cikin gari, in aka bar shi a haka kwanansa ya ragu. Bayan ya huta da caji, mita ta nuna kusan bolt 12.6 inji a kashe, 13.8 zuwa 14.4 inji na aiki.

Rabe Direba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. In ba mai tsaya min a baya da asuba, yaya zan riƙa duba wutar ni kaɗai?

Malam Lawali mai lantarki: Matso da bayan motar kusa da bango ko ƙofar gareji, taka birki ka duba madubi, jan zai fito a bango gefe biyu. Ko ka tokare feda da sanda a jikin kujera ka zagaya da kanka. Ka goge murfin da tsumma kafin ka tashi, kuma ka hana yaran lodi sauko da buhu ko tamfol ya rufe fitilun.